Layi na Bakwai

Takardar da suka miƙo min a Shika
layi goma sha ɗaya gare ta.
Na karanta shida a tsaye,
na bakwai ya zaunar da ni.

Likita ta sassauta murya, ta ce, Malam Tanimu,
maganin nan ba ya tambayar sunan abin da ya tarar.
Zai ci ciwon, yana iya haɗawa da iri.
Akwai inda ake ajiye wa mutum nasa cikin ƙanƙara,
ta faɗi garin, ta faɗi kuɗin.
Na auna da kekunan ɗinkina biyu
da ɗan filin da Baba ya bari a Dakace,
ko rabi ba su kai ba,
kumburin wuyana kuwa ba ya jiran kowa.
Na sa hannu. Biron ma na aro ne.

Shekarata ashirin da tara.
Watanmu goma sha huɗu da aure,
ko fentin ɗakin Balaraba bai dushe ba.

Gashi ya zube, wannan kowa ya gani,
aka yi ta sannu, aka kawo min huluna.
Tuwo ya koma ƙarfe a bakina.
Amma akwai abin da ya zube
wanda hula ba ta rufewa,
wanda ba a zuwa dubiyarsa da lemo da ayaba.

In dare ya yi, ta turara ɗaki, ta kwanto,
jikina kamar gidan da aka yanke wa wuta:
ga ƙwai, ga waya, ga makunni,
komai na nan inda yake.
Sai in juya wa bango fuska, in ƙirƙiri minshari.
Ta san na ƙarya ne.
Wata takwas tana ja wa ƙaryata bargo.

Ita ake kallo a gidan suna,
daga fuska ido ya gangara ciki.
Har yanzu shiru?
Inna ta aiko daga Tudun Jukun
da ƙullin sassaƙe, a jiƙa, a sha safe da yamma.
Ta sha. Ba ta ce uffan ba.

Ran wata Laraba na dawo daga shago da wuri,
na same ta durƙushe a bakin rariya
tana amayar da ɗacin da nawa ne.

Ban ko cire takalmi ba na tari mai babur.
Na durƙusa gaban Inna, na ce,
Inna, gonar lafiyarta lau,
irin ne wuta ta bi ta kansa.
Ta ja carbi har ya zagayo,
ta sake ja.
Can ta ce, ka ci abinci kuwa?

Yanzu hoto ya fito fes, wuya ya saɓe.
Likita ta ce a sake gwaji bayan shekara biyu:
na wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa.
Na ce to.

A daren na bar minsharin.
Na faɗa mata layi na bakwai, kalma bayan kalma.
Ta ce, ai na karanta,
a aljihun kaftaninka ka bar ta ranar wanki.
Muka yi dariya har ta zama wani abu.
Ta ɗora tafina a kumatunta,
muka fara daga nan,
kamar masu koyon haruffa da girma,
har ladanin Gyallesu ya yi gyaran murya.

Ina nan ina ɗinka wa 'ya'yan mutane rigunan suna.
Daga ragowar wata shadda ruwan ƙwai
na fitar da wata 'yar mitsitsiya, ba ta kowa ba,
na tura ta ƙasan akwati.
Jiya na duba.
An goge ta, an ninke,
an sa mata kafur.